Gonar Da Ka Bari A Bayan Katanga

Daga Allah muka zo, kuma gare Shi za mu koma, ko mun shirya ko ba mu shirya ba. A ranar Talata, 12 ga watan Agusta, 2025, cikin watan Safar, Allah Ya karɓi ran mijina, Malam Mahadi Jatau na Kucheri, bayan jinyar da ya sha tun farkon damina. Ya cika da hantsi a asibiti a Tsafe, aka dawo da shi gida, aka yi masa sutura bayan azahar. Ya bar ni, da 'ya'yanmu mata biyu da ke gidajen aurensu, da jikoki, da yayansa Alhaji Tajuddeen na Gusau.

Malam, sunan nan naka da na rubuta a sama, ban taɓa kiran sa da bakina ba tun ranar da aka kawo ni gidanka. Sai da na daɗe riƙe da biro kafin hannuna ya yarda. Ina cikin takaba, ko zaure ba na leƙawa. Mutane da yawa sun so zuwa gaisuwa, hanya ta hana su. Shi ya sa ɗiyarmu Nana Aisha ta ce in rubuta abin da ke raina, ita za ta buga a waya ta aika wa 'yan uwa da abokanka. Na ce mata to, amma ta sani maganar gona da shanu za ta yi yawa a ciki, don ban san yadda zan ba da labarinka ba tare da su ba.

Waɗanda suka san mu a da sun san gonarka ta daji, wadda ke can ta hanyar 'Yankuzo. A can muke samun dawar shekara, a can kuma shanu ke kiwo. Tun da 'yan bindiga suka riƙe dajin, gonar nan ta zama sai dai a ba da labari. Shekarar da suka kore garken unguwarmu, naka na ciki. Abin da ya tsira mana shanun huɗa biyu ne da suka wuni a gida don ka yi aiki da su, sai wata jar karsana mai ɗingishi da ba ta iya bin garke. Ita ce muke kira Ja. Ranar nan ban ji ka zagi kowa ba. Ka tsaya a bakin turke ka daɗe kana shafa wuyanta, daga baya ka ce in ba ka ruwan alwala.

Daga nan duniyarmu ta tsuke. Ba a kai dabba kiwo inda ido ba ya hango masallacin gari. Ba a zuwa yankan ciyawa a fadama. Harawa da dusa a kasuwar Tsafe suka fi ƙarfin talaka. Maƙwabta suka riƙa kai shanunsu kasuwa ɗaya bayan ɗaya, suna dawowa da igiya a hannu. Mu kuwa shanun nan su ne abincinmu. Da su kake yi wa mutane huɗa a gonakin da ke kusa da gari, a biya ka da hatsi. Da Ja ta fara haihuwa, nononta ya zama cefanen gida. Ka ce mini ba za ka sayar da su ba, kuma ba za ka kai su daji ka miƙa wa ɓarayi da hannunka ba. Na ce to me za su ci? Ka nuna mini bayan katanga.

Gonar bayan katanga a lokacin ta gaji. Rabinta fako ne, ko fartanya ba ta kama shi. Dawar da aka shuka a ciki, ƙuduji ke shanye ta tun ba ta kai ƙugu ba. In ruwa ya sauka ba ya tsayawa, gudu yake yi a kanta ya kwashi jar ƙasa ya zuba a kwazazzabo.

Wata rana ka je Bungudu wajen abokinka Malam Zakariya, tsohon malamin gona, mutumin kudancin Kaduna da ya ajiye aiki ya zauna a can da matarsa Rahila. Ka dawo da irin wani wake mai yaɗo a cikin leda, wanda suke kira lablab. Shi ya ba ka wannan, ya ce kada a bar shi shi kaɗai, a haɗa shi da wasu. Sauran kai ka haɗo da tunaninka. Da safe na nemi babbar ƙwaryata ta tankaɗe na rasa, sai na same ta a gabanka. Ka zuba gero da maiwa da dawa, da wakenmu na gida, da gyaɗa, da rama, da riɗi, har da 'ya'yan kabewa, kana cuɗa su da hannu.

Na ce, "Malam, wace irin miya ce za a yi da wannan?"

Ka ce, "Ta shanu ce da ƙasa. Su ma sun gaji da tuwo gaya."

Haka ka watsa su a tsakanin layukan dawa da ka buɗa, ba kunya ba jeri. Da suka tsiro, ba a gane inda wannan ya tsaya wancan ya fara. Wake ya hau karan maiwa, kabewa ta shimfiɗe a ƙasa, rama ta miƙe ta fi mutum tsawo. Kai ne ka riƙa yi mini bayani in na kawo maka fura. Ka ce masu tsawo su ne kara da inuwa, masu yaɗo suna rufe ƙasa kada rana ta gasa ta, wake da gyaɗa kuma suna mayar mata da abin da dawa ta ci. Saiwar rama, in ji ka, ita ce ke huda fako ruwa ya sami hanya. In fari ya kashe ɗaya, wani zai tsaya. Abin da ka fi maimaitawa shi ne ba ka son ganin ƙasa a tsiraice, ko da damina ko da rani.

A garinmu kuwa mutuncin namiji yana cikin gonarsa. Gonar da aka nome fes, ba ko ɗan tsiro a tsakanin kunyoyi, ita ake nuna wa baƙo. Taka kuma tana bakin hanya, kowa ya wuce sai ya gani. Ka sha magana. Sabiru maƙwabcinmu yakan tsaya da kekensa ya ce, "Malam, in za ka shiga wagga gona ka ɗaura ƙararrawa a wuya, don mu san inda za mu nemo ka." Inna Tambaya, tsohuwar da muke katanga ɗaya da ita, gonar marayu take ce mata. Ba ka taɓa yin fushi ba. Sabiru kake ce wa in ka ɓace ya riƙe maka shanu amana, ya dai san za su fi nasa ƙiba.

Kana da yadda kake aikinka, kuma ba ka gaggawa. Da lauje kake yanka, ba da fartanya ba, kuma sai ka bar gindi kamar tsawon tafin hannu don ya sake tohowa. Yau ka yanki nan, gobe ka matsa gaba, kafin ka zagayo na farko ya dawo. Abin da shanu ba su cinye ɗanye ba ka shanya, ka ɗora a rumfa. Bayan kaka sai ka fitar da shanun cikin gonar, kana matsa turakunsu kaɗan-kaɗan, su ci su zuba taki a inda suka kwana. Ba ka taɓa sa wa gonar wuta ba. Lokacin sassabe, hayaƙi na tashi a kowace gona, taka tana kwance da ganye da guntun kara kamar an shimfiɗa mata tabarma.

Ba na manta ranar da ka shigo gida da ƙasa cike da hannunka, a damina ta uku. Ina tsakar wanki ka miƙo mini ita daidai hanci ka ce in shinshina. Baƙa ce, da laushi, da ƙanshi irin na ruwan farko, ga tana tana motsi a ciki. Na ja da baya. Ka yi ta dariya har da riƙe ciki, ka ce wannan daga tsakiyar fakon ka ɗebo ta. Ka mayar da ita inda ka ɗauko, har da tanar. Ban taɓa ganin ka cikin farin ciki irin na ranar ba sai ranar da aka haifi jikanka na fari.

Da bazara ake sanin amfanin abin da ka yi. Lokacin da awakin unguwa ke cin leda da takarda, rumfarka na da sauran harawa. Ba ka iya ci gaba da ba naka kana jin kukan na maƙwabta. Kakan jefa dami ta saman katangar Inna Tambaya ka ce akuyarta ce ta aiko a karɓo mata. Matan da aka kashe wa maza, waɗanda ɗan ragon da suke turkewa shi ne duk abin da suka mallaka, sun san ƙofar gidanmu. In na yi maganar namu ba zai kai ba, sai ka ce mu ga dai. Kuma yana kaiwa, ko da da ƙyar. Waɗanda suka yi maka dariya a bakin hanya, wasunsu sun dawo bayan sallar la'asar su kaɗai, suna sunkuyar da kai, suna tambayar ko da sauran irin nan. Kakan cika musu aljihu, ba ka taɓa tuna wa kowa abin da ya faɗa ba.

Bana ciwo ya kama ka tun kafin ruwa ya zauna. Ƙafafu suka kumbura, aka ce ƙoda ce, sai an riƙa zuwa Gusau. Gusau da a da ake zuwa a dawo kafin a sauke tukunya, yanzu sai an jira rana ta ɗaga, sai an tambayi direbobi ko hanya ta yi kyau, sai an tabbatar za a iso gida kafin yamma. Sau da yawa mun shirya aka ce yau ba a bi. Ka koma ka kwanta, ka ce Allah Ya sa haka ya fi alheri.

Duk da haka ba ka yarda wani ya yi maka shukar ba. Kana dogara sanda, ina riƙe maka ƙwarya, ka watsa irin da hannunka. Bana ka ba da kyauta da yawa, don haka duk abin da ya rage ƙasa ya shiga, ƙwaryar ta dawo wayam. A gindin gawon da ke kusa da katangarmu ka tsaya ka huta, ka ce mini, "Shafa'atu, wannan gefen na iri ne. Ko Ja ta wuni tana kuka, kada a yanke shi sai ya bushe. In ya tafi, ba mu da wani." Na ce ai da kanka za ka tsince shi.

Ranar da muka kai ka Tsafe, a cikin mota kana numfashi da ƙyar, abin da ka tambaye ni shi ne ko an ba shanu ruwa. Na ce an ba su. Daga nan sai kalmar shahada, har Allah Ya yi ikonSa washegari.

Malam, akwai abin da ya faru bayanka da nake so in gaya maka, kuma ina so masu karantawa su fahimce shi yadda yake, kada a ga laifin kowa.

Yaya Alhaji Tajuddeen shi ya ɗauki nauyin jinyarka tun daga farko har ƙarshe. Amma ya yi shekaru bai taka Kucheri ba, don mutum irinsa, ɗan kasuwa da aka sani, shi ake nema a hanya. Kai da kanka kake hana shi zuwa. Da ka rasu bai saurari kowa ba, ya shigo motar haya ya zo. A hanyar dawowa daga maƙabarta ya bi ta gefen gonarka. Bai san komai game da ita ba. Abin da ya gani shi ne gonar ƙanensa ta zama kurmi, a bakin hanya, duk mai zuwa gaisuwa yana kallo. Daga baya aka gaya mini a wurin zaman makoki ya fashe da kuka a gaban maza, ya ce, "Ɗan'uwana ya kwanta wata da watanni, kuna gani ciyawa ta cinye masa gona, aka rasa mai sa masa fartanya?"

Duk wanda ke zaune a wurin ya san gaskiyar gonar. Amma babba ne, baƙo ne, yayan mamaci ne, kuma yana kuka. Kowa ya sunkuyar da kai yana jiran wani ya yi magana. Da ya ce a yi gayya a nome ta, aka ce to. Ni kuwa ba a gaya mini ba, don mai takaba ba a ɗora mata damuwa, kuma a ganinsu alheri ne za a yi mini.

Washegarin sadakar bakwai, rana ta ɗan ɗaga, ina zaune a ɗaki da carbi, Inna Tambaya na kusa da ni don ita ke taya ni zama. Sai na ji sara a bayan katanga, ba na mutum ɗaya ba. Na san ƙarar lauje, wannan ba ita ba ce.

Na ce, "Inna, mi nake ji haka?"

Ta ce, "Gayya ce, ɗiyata. Alhaji ya sa a gyara gonar mamaci." Ba ta iya duba na ba da ta faɗa.

Ban san lokacin da na kai bakin zaure ba. Ta riƙo mini mayafi ta baya. "Ina za ki? Ƙasar kabarinsa ko bushewa ba ta yi ba, ki fita tsakiyar maza?"

Na tsaya. Ƙofa na gabana a buɗe, ba wanda ya kulle ta, amma ƙafata ta ƙi tsallakawa. In na fita, na keta abin da ake yi dominka. In na zauna, ana nome abin da ka bar mini amana, ina ji da kunnena. Ja na ta kuka a turke. Na ce wa Inna ta je ta tsayar da su. Ta ce da waɗannan ƙafafun nata kafin ta zagaya sun gama, kuma wa zai saurari tsohuwar da ta fi kowa zagin gonar? Ta dubi tsakar gida. Sai ta je ta tura turminmu da ƙyar har gindin katanga, ta kife shi.

Ta ce, "Fita aka hana ki. Ban ji malamin da ya hana ki tsawo ba. Hau, ina riƙe da ke."

Na ja mayafi na rufe fuska, na hau. Malam, gara da ba ka gani ba. Maza sun yi layi tun daga bakin hanya, sun ci fiye da rabin gonar. Dawa kaɗai suka bari tsaye, tsakaninta ƙasa a fili, baƙar ƙasar nan taka tana shan rana. Wake da kabewa da rama an tara su tsibi-tsibi a gefe. Na gaban layi ya kusa kai wa gindin gawo. Yaya Alhaji na cikinsu, ya naɗe hannun riga, yana noma da hannun da ya manta fartanya.

Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa ɗaga murya a gabansa ba, gaisuwa ma a durƙushe nake yi. Na yi sallama, ba wanda ya ji. Na sake yi da ƙarfi. Fartanyu suka tsaya.

Ya ce, "Shafa'atu? Lafiya? Sauka ki koma ɗaki."

Na ce, "Yaya Alhaji, ka gafarce ni. Abin da kuke nomewa ba ciyawa ba ce, shuka ce."

"Dawar ai ba mu taɓa ta ba."

"Dukanta shuka ce, Yaya. Da hannunsa ya watsa ta yana dogara sanda. Ita shanunsa za su ci har bazara. Na gindin gawon nan kuma iri ne, ba mu da wani. In ya tafi, shanun nan sai daji ko kasuwa."

Ya juya ya dubi mutane. Ya ce, "Sabiru, haka ne?"

Sabiru ya dubi bakin fartanyarsa. "Haka ne, Alhaji. Akwai irinta a bayan gidana. Shi ya ba ni."

"To mi ya hana ka faɗa mini?"

"Kuka kake yi, Alhaji. Wa zai tare ka?"

Yaya Alhaji ya saki fartanya ya zauna a ƙasa, cikin rigarsa mai tsada. Ya ɗauki wani reshen wake da aka sare, yana juya shi a hannu. Ya ce shi ya zo ne ya rufa wa ƙanensa asiri. Na ce na sani, kuma kai ma da kana nan ka san haka. Sai ya ce, "To yanzu mi za a yi? Ke kika san aikinsa."

Na faɗa musu abin da na san za ka yi. A kai wa shanu abin da za su iya ci, a baza wani a ƙarƙashin rumfa ko zai bushe duk da marka, sauran duka a mayar da shi kan ƙasar da aka buɗe, a rufe ta. Mutanen da suka zo su share gona suka wuni har azahar suna mayar mata da abin da suka kwashe. Yaya Alhaji da kansa ya ɗauko dami a ka ya shigo da shi har gaban Ja.

Ba zan ɓoye maka ba, an yi asara. Fartanya ta yanke saiwa, abin da aka nome ba zai toho ba. Wanda aka shanya rabinsa ya ruɓe saboda ruwa. Abin da ya rage tsaye ba na jin zai kai shanun huɗa biyu da Ja da ɗan maraƙinta har ruwan baɗi. Malam Zakariya da Rahila sun zo gaisuwa daga Bungudu, duk da an ce musu hanya ba ta da kyau. Rahila ta zauna da ni a ɗaki muka yi kuka tare. Shi kuma ya zagaya gonar, ya aiko a gaya mini har yanzu akwai danshin da wake zai kama, ya bar ɗan irin da ya zo da shi. Sabiru ya soka shi a ƙarƙashin ganyen da aka baza. Ya tsiro, amma ya makara, sai abin da Allah Ya yi.

Kafin Yaya Alhaji ya koma, ya aiko Inna ta gaya mini in na fita takaba in dawo Gusau kusa da Nana Aisha, a sayar da shanun in huta da zaman tsoro. Na san don ƙauna ya faɗa, kuma ban ce ba shi da gaskiya ba. Kwanan nan ma an tare hanya, an kwashe mutane a wata gona da ba ta da nisa da mu. Na ce a gaya masa ya yi mini haƙuri har irin gindin gawo ya bushe. Bayan nan ban san abin da zan ce ba. Ban san ko zan iya riƙe abin da ka riƙe ba, ni kaɗai, a garin da ba a fita.

Yanzu kowace safiya Inna na riƙe mini turmi, in hau in nuna wa Sabiru inda zai yanka da inda zai bari. Da lauje yake yi, kuma yana barin gindi. Jiya ya ɗago ya ce mini ya nemi ƙararrawar bai samu ba, muka yi dariya, daga baya kowa ya juya yana share ido. Iyakar duniyata ke nan a yanzu, daga ɗaki zuwa kan turmi. Amma daga nan ina hango gefen iri. Wake ya fara fure, rama ta yi 'ya'ya, riɗi ya tsaya. Ba a taɓa ko ganye ɗaya ba. Ranar da zan fita takaba, kafin in je gaida kowa, can zan fara zuwa da ƙwaryar tankaɗe.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Yaya Alhaji Tajuddeen da iyalinsa. Allah Ya saka masa da alheri kan jinya, da zuwan da ya yi cikin haɗari, da gumin da ya zubar a gonar ƙanensa, don niyyarsa Allah Ya gani. Ina yi wa 'ya'yanmu Nana Aisha da Nana Khadija da mazajensu da jikoki ta'aziyya, Allah Ya ba mu haƙurin rashi. Haka Malam Zakariya da Rahila, da Sabiru, da Inna Tambaya, da duk mutanen Kucheri da suka tsaya mana. Waɗanda hanya ta hana zuwa daga Gusau da Bungudu da 'Yankuzo, gaisuwarku ta iso, kada kowa ya sa kansa a haɗari dominmu. Duk wanda Malam ya ɓata wa rai, da sani ko ba da sani ba, ina roƙon ya yafe masa. Allah Ya buɗe mana hanyoyinmu, Ya mayar da manoma gonakinsu, Ya kuɓutar da waɗanda ke hannun miyagu.

Malam, ban ga kabarinka ba, sai abin da aka faɗa mini. Sabiru ya ce da markar nan ciyawa ta fara tsirowa a kansa, ya tambaya ko a cire. Na ce a bar ta.

Ya Allah, bawanKa Mahadi bai taɓa son ya ga ƙasarKa a buɗe rana na dukanta ba, bai kuma iya jin kukan dabba ya wuce ba. Ka lulluɓe shi da rahamarKa. Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa makwancinsa, Ka sanyaya shi. Duk bakin da ya ci daga gonar nan, na mutum ko na dabba, Ka sa a mizaninsa. Ka sada mu da shi a Aljanna Firdausi, inda ba a tsoron hanya. Amin.

Matarka,
Shafa'atu
Kucheri, ƙaramar hukumar Tsafe